Abin da Kaset Bai Ɗauka Ba

A watan Maris na 2013 Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta rasu a Funtuwa, amma har yau da wuya a yi biki a Gubuchi a watse ba a sami wadda ta jawo wani baiti nata ba, ko don tsokanar kishiya, ko don zungurar wadda ke zaune ba sana'a. Muryar tana nan daram. Tana cikin wayoyi, tana cikin katin da yara ke kaiwa shagon caji a ɗura musu waƙoƙi, gidajen rediyo ma ba su daina sakinta ba. To amma a tara matan unguwa a ce wata ta miƙe ta nuna yadda ake taka rawar ƙwarya a zamanin da Barmani ke tashe, sai ka ga ana kallon-kallo. Tsofaffin da suka iya, gwiwa ta hana su. Matasan kuwa kunnensu ya ƙoshi da kiɗan, ƙafarsu ba ta san shi ba.

Mu mutanen ƙasar Makarfi ba mu taɓa ɗaukar Barmani baƙuwa ba. Kafin a yanke Katsina a 1987, Funtuwa da Gubuchi jiha ɗaya suke, kuma Zariya ce mahaɗarmu. Daga can kaset ɗinta ke zuwa mana, a aljihun direbobin da ke lodin rake da mazarƙwaila, sai ya shiga cikin gida ya zama na mata. Kiɗan da take yi, amada, ba ita ta ƙago shi ba. Tushensa waƙoƙin bege ne da mata ke yi a tsakaninsu, kuma kafin ita an yi Uwaliya Mai Amada a Kano. Abin da Barmani ta yi shi ne ta fito da shi fili, ta ɗora masa zancen da mata ke yi idan maigida ya fita: haihuwa, zaman kishi, adashi, neman na kai. Ita kanta ta haifi 'ya'ya da yawa, ta kuma yi alfahari da hakan a bainar jama'a, saboda haka idan ta yi maganar naƙuda babu mai ce mata ina ta sani.

Yawanci bakinta ake yabo, kuma ya cancanci yabo. Wasu suna cewa ta cika sakin baki, ni dai ban taɓa jin ta faɗi abin da iyayenmu mata ba su faɗa a bakin murhu ba. Amma abin da ya fi burge ni game da ita tsayuwarta ce. Duba ɗan abin da ya rage na bidiyonta. 'Yan ƙwarya na zaune da ƙoransu a kife, manya da ƙanana, suna duka suna amshi, ita tana tsaye. Ba yarinya ba ce, ba ta tsalle, ba ta neman kowa ya kalle ta. Ta ɗan rausaya, ta yi taku kaɗan, ta jefa magana, ta dakata. Wannan dakatawar ce ke tayar da mata daga kan tabarma. Mace ce da ta mallaki jikinta, ta mallaki filin, ba ta roƙi izinin kowa ba, kuma ba ta zubar da girmanta ba. A ƙasar da ake koya wa 'ya mace ta takure idan ta shiga taro, ganin haka ba ƙaramin abu ba ne.

Irin wannan tsayuwa ba daga sama take faɗowa ba, kuma ba Barmani kaɗai ke da ita ba. Kowane gari yana da nasa matan da idan sun shiga fili ake ja da baya. A gidanmu akwai wata gwaggo, ƙanwar kakanmu, mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda a sauran ranaku ba ka jin ɗuriyarta. Ranar suna kuwa, da la'asar, bayan maza sun watse an turo ƙyauren zaure, sai a kawo babban kwano a cika shi da ruwa, a kifa ƙwarya a kai, a jera wasu a ƙasa. Ta ruwan ita ke ba da amo mai zurfi, wanda kake ji a ƙirji. Mai kiɗa tana ɗan ɗaga gefenta ta shigar da iska idan tana son muryar ta sauya. Gwaggo ba ta tashi da wuri. Sai an yi zagaye biyu ko uku, yara sun gama rawar kansu, sannan ta cire gyale ta ɗaura a ƙugu, ta tuɓe takalmi. Tafin ƙafarta ba ya rabuwa da ƙasa sosai, jan sa take yi, ƙura ma ba ta tashi. Ta ɗan sunkuyo, hannu ɗaya a baya, ɗaya yana riƙe da bakin zani. Kafaɗa ta amsa ƙaramar ƙwarya, ƙugu ya amsa ta ruwan, kai kuwa yana tsaye cak, har da za ka aza mata tulu ba zai zube ba. Fuskarta a ɗaure, kamar an tilasta ta. Sai can, idan ta zo gaban mai jego, ta juya a wuri ɗaya, ta saki murmushi, guɗa ta ɓarke.

Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne, ba ita ke bin kiɗan ba. Mai ƙwaryar ce ke kallon ƙafarta. In ta ja taku, kiɗa ya ja. In ta tsaya, a bar mata gurbi. In ta matsa, a matsa mata. Hira ce tsakanin mace biyu da suka san juna tun suna 'yan mata a dandali.

Dandalin nan shi ne makarantar. Idan farin wata ya fito, bayan an ci tuwo, 'yan mata kan taru a yi gaɗa. A tsaya rabin da'ira ana tafi, ɗaya ta fita ta yi 'yar rawarta, ta dawo da baya ta saki jiki ta faɗo, sauran su cafe ta su cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta daidai da tafi. Wadda ba ta taɓa yi ba za ta ce wasa ne kawai. Amma a nan yarinya ke koyon inda nauyin jikinta yake, da yadda ake dira ba a tangaɗi ba, da yarda da hannun ƙawaye. Ƙanana na gefe suna kwaikwayo, idan sun yi ba daidai ba a yi musu dariya, dariyar ita ce gyaran. Daga gaɗa a wuce rawar kalangu ranar kasuwa ko ranar sallah, inda makaɗi ke yi wa kowace budurwa takenta, samari na liƙi. Ranar da aka kai ta ɗaki, rawar ta bi ta cikin gida ta zama ta ƙwarya. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Zazzau. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, ta ba da labarin rawar 'yan mata da makaɗa na ƙuruciyarta, tun kafin zuwan Turawa, kuma wanda ya karanta zai ga kusan abin da iyayenmu suka tarar ne.

Abin da ya sa na koma tunanin duk wannan wata mata ce 'yar Rasha, Anna Pavlova, wadda masu rawar bale ke ambata yadda mu ke ambaton Barmani. Bale ita ce rawar nan ta Turawa da mata ke tsayawa a kan 'yan yatsun ƙafa cikin takalmi mai ƙarfin baki. An haifi Pavlova a St. Petersburg a 1881, 'yar talakawa, uwarta wanki take yi. Ta shiga makarantar rawa ta gidan sarauta tana shekara 10, ta fito a 1899. Ba ta da irin jikin da malaman lokacin ke so: siririya ce, idon sawunta ba ƙarfi, tafin ƙafarta ya cika lanƙwasa, har sai da ta riƙa ƙara fata mai tauri a cikin takalminta don ya ɗauke ta. Akwai waɗanda suka fi ta juyi da tsalle. Amma rawar da ta ɗaukaka ta gajeriya ce, 'yan mintuna, wadda Mikhail Fokine ya tsara mata: mutuwar wata farar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, dangin dinya. Babu tsalle a ciki. Ƙananan taku ne da rawar hannu, sai durƙusawa a ƙarshe. An ce ta yi ta kusan sau 4,000. Ta zauna a Landan daga 1912, ta kafa ƙungiyarta, ta yi ta yawo da ita a jirgin ruwa da na ƙasa, Amurka ta Kudu, Indiya, Japan, Ostareliya, har ciwon huhu ya kashe ta a birnin Hague na ƙasar Holan a Janairun 1931, saura kwanaki ta cika 50.

Na kalli ɗan guntun fim ɗinta da ya rage, baƙi da fari, yana rawa-rawa. Ba al'adata ba ce, shigar ma ba irin wadda zan so wa 'yata ba ce. Duk da haka na gane abin da nake gani, domin na taɓa ganin sa a tsakar gidanmu: mace da ta san cewa ƙaramin motsi a kan lokaci ya fi babban motsi, kuma ta iya dakatawa.

Bambancin yana wajen abin da ya biyo baya. Fim ɗin Pavlova bai kai yawan bidiyon Barmani ba, amma yau yarinya a Legas ko a Tokiyo za ta iya koyon wannan rawar tsuntsuwa taku bayan taku. Dalili kuwa, bale tana da makaranta. Kowane motsi yana da suna, ana maimaita shi kullum safiya a gaban malama wadda ita ma wata malama ce ta gyara mata kafaɗa, haka har a kai ga waɗanda suka tsaya kusa da Pavlova. Har hanyar rubuta rawa a takarda suka ƙago. Wani yaro, Frederick Ashton, ya gan ta a Lima ta ƙasar Peru a 1917, ya ƙudura sai ya yi rawa, ya zama babban mai tsara raye-rayen gidan bale na masarautar Ingila. Kuma abin bai tsaya a Turai ba. A 2020 duniya ta ga bidiyon Anthony Madu, ɗan shekara 11, yana juyi ba takalmi cikin ruwan sama a wata unguwar talakawa a Legas, abin da ya kai shi makarantar bale a Birmingham. Ya sami abin da zai koya ne saboda an adana shi a jikin mutane.

Namu kuwa kalmomin muka adana. Ɗalibai sun rubuta kundaye a kan waƙoƙin Barmani a jami'o'in Zariya da Kano. Beverly Mack ta sa ta cikin littafinta na 2004 a kan mawaƙa mata Hausawa, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu a kanta. Duk aiki ne mai kyau. Sai dai kusan dukkansa aikin kunne ne da alƙalami: jigo, salo, habaici. Taku ba ya shiga kundi ta wannan hanya. Kamar dahuwar mazarƙwaila ne: ko an rubuta maka komai, sai ka tsaya kusa da mai tukunya shekara da shekaru kafin idonka ya san lokacin da ruwan rake ya isa a juye.

To me ya rufe makarantar? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce wa'azi, kuma akwai gaskiya a ciki. An kafa Izala a Jos a 1978, wa'azin hana kiɗa da cuɗanyar maza da mata ya shiga ƙauyuka da lasifika, Islamiyyar dare ta karɓe lokacin da a da na dandali ne, sannan zancen Shari'a ya zo a 2000 ya ƙara wa masu hani ƙarfi. Kafin nan ma shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya riga ya fara sauya yinin yarinya. Ba zan ce malamai ba su da hujja ba. Duk wadda ta yi dandali ta san ba gaɗa kaɗai ake yi a can ba. Akwai yawon dare, akwai 'yan matan da suka yi kuka daga baya. Ni kaina Islamiyyar nan ce ta koya mini karatun da nake taƙama da shi, ba zan musanya shi da kalangu ba.

Amma rawar ƙwarya ta cikin gida, mata zalla, ƙyaure a rufe, ba ita ce babban abin da ake wa wa'azi ba, kuma ta rayu shekaru bayan dandali ya mutu. Abin da ya gama da ita, a ganina, ba shi da rawani. Na farko fiyano ne. Fina-finan Hausa na bidiyo sun fara da Turmin Danya a Kano a 1990, zuwa wajen 2000, zamanin fim ɗin Sangaya, waƙa da rawa irin ta Indiya sun zama jigon kasuwar, kuma duk kiɗan daga na'ura ɗaya yake fitowa a situdiyo. Daga nan sai DJ. Ya fi araha, ba a dafa masa abinci na mutum takwas, ba ya gajiya, yana da waƙa ɗari a aljihu, har da ta Barmani. Amma kiɗan da aka riga aka naɗa ba ya kallon ƙafar kowa. Ko kin tsaya ko kin faɗi, tafiyarsa yake yi. Mai rawa ta koma mai bin umarni, dakatawar nan da ke tayar da guɗa ba ta da gurbi, saboda haka sai kowa ya koma tsalle da girgiza iri ɗaya, wanda ya fi ƙarfi shi ya fi.

Na biyu waya ce. Matan da suka saki jiki a tsakar gida sun yi haka ne don sun san abin da aka yi a nan ya tsaya a nan. Yau kafin mace ta ɗaura gyale, waya biyar sun ɗago. Gobe tana WhatsApp, jibi wani ya sa ta a TikTok da waƙar da ba ita aka kaɗa ba, mijinta ya gani a majalisa. Matar aure mai hankali sai ta zauna abinta, ta yi liƙi daga kujera. Abin mamaki, na'urar da za ta iya adana rawar ita ce ta kore ta daga fili. Waɗanda suka rage a gaban kyamara su ne waɗanda ba su damu da a gan su ba, sai mutane suka ɗauka ai rawar mata dama can haka take.

Akwai kuma na uku, wanda ya girmi sauran, kuma laifinmu ne gaba ɗaya. Muna son kiɗa, ba ma son makaɗi. M. G. Smith, mijin Mary ɗin nan, ya rubuta a 1957 yadda maroƙa ke can ƙasa a tsarin daraja na ƙasar Zazzau, kuma har yau ba mu sauya ba. Matar da za ta zubar wa Barmani kuɗi a goshi, idan 'yarta ta ce za ta bi 'yan ƙwarya, sai an kira dangi. Pavlova 'yar mai wanki ce, rawa ta ɗaga ta har sarakuna suka karɓe ta. A wurinmu 'yar malam ko 'yar attajiri da ta ɗauki ƙwarya ƙasa ta yi. Sana'ar da ba a yi wa ɗa fatanta ba ta samun magaji.

Wasu ƙasashe sun shiga irin wannan hali sun fita, ko da yake da tsada. A kudancin Indiya akwai tsohuwar rawa da matan wasu gidaje ke gada, wadda a farkon ƙarni na 20 aka mayar abin kunya. Wata 'yar manyan gida, Rukmini Devi, ta haɗu da Pavlova, ta fara koyon bale, sai Pavlova ta ba ta shawarar ta koma ta nemi rawar ƙasarsu. Ta koma ta koya, duk da surutun dangi, ta kafa makarantar Kalakshetra a Madras a 1936, yau rawar abin alfaharin Indiya ce. Sai dai masana na can suna ƙorafi har gobe cewa an wanke rawar an miƙa wa 'ya'yan masu hali, matan da suka riƙe ta ɗaruruwan shekaru aka bar su a waje. Mu ma muna da ɗan misali a kusa: rawar Koroso ta Kano ta rayu ne saboda hukumar al'adu ta jiha ta riƙe ƙungiya tana atisaye. Amma Koroso rawar dandamali ce, an tsara ta don baƙi su kalla. Ta gwaggo ba ta kallo ba ce, ta shiga ce. Idan aka ɗora ta a dandamali aka jera kujeru, rabin abin ya tafi.

Don haka ban cika ɗokin a ce gwamnati ta kafa wani abu ba. Abin da ake buƙata ƙarami ne, shi ya sa ma yake da wuya: tsohuwa mai taku, tsohuwa mai ƙwarya, 'yan mata su zauna kusa, wayoyi a cikin jaka. A ƙauyukan da ke tsakanin Gubuchi, Gazara da Gimi, da can wajen Hunƙuyi, ba a rasa gidan da ake kifa ƙwarya ranar suna, musamman da rani idan kuɗin rake ya shigo. Jami'ar Ahmadu Bello, mai sashen wasan kwaikwayo da na harsunan Afirka, tana nan Samaru, tafiyar da ba ta kai yini ba. Ɗaliba mace da za ta zauna da waɗannan mata wata shida, ta koya da ƙafarta kafin ta ɗauki hoto, ta nemi yardarsu, ta kuma saita kyamarar a kan sawu maimakon fuska, za ta yi aikin da ba a yi ba tukuna.

Gwaggo tana nan da ranta, ido ya yi rauni, ƙuli-ƙulin ma jikoki ke yi. Da sallar da ta wuce na kai mata 'yata, na ce, "Gwaggo, ga jikarki, ki nuna mata taku ko kaɗan ne." Yarinyar ta zaro waya za ta sa kiɗa. Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce, "Ke, ajiye wannan. Wa zai jira ni a ciki?" Ta juyo wurina: "Uwar ɗakina, in da gaske kike, ki nemo mini mai ƙwarya tukuna." Wadda ta saba yi mata kiɗa ta rasu shekarun baya. An ce 'yarta ta iya, tana aure a wajen Ikara, kuma sai an tambayi mijinta.